Kantin kamfani ko bayan kanti: ta wace ƙofa manhaja za ta shigo wayarka?

Kusan duk mai riƙe da wayar zamani ya taɓa tsayawa a wannan mararraba. Ana neman wata manhaja, an duba Play Store ko App Store babu ita, ko kuma akwai ta amma an ce ba a ba da ita a ƙasar da mutum yake. Sai wani ya ce ai tana nan a shafin masu ita, wani kuma ya ce bari kawai in turo maka. Da an taɓa fayil ɗin sai waya ta fito da gargaɗi, mutum ya rasa ko gargaɗin na tsakani da Allah ne ko kuwa kamfani ne ke kare kasuwarsa. Duka biyun akwai a ciki. Mai haɗa manhaja shi ma yana da tasa mararrabar: ya kai kayansa kantin kamfani, ya bi dokokinsa ya biya la'ada, ko ya raba da kansa ya ɗauki nauyin duk abin da ya biyo baya.

Hanyoyin da ake lissafawa a matsayin "bayan kanti" ba ɗaya ba ne. Wasu daga cikinsu sun kusa kai kantin kamfani aminci, wata kuma ita ce babbar ƙofar da 'yan damfara ke bi. Haɗa su a kwando guda shi ke rikita mutane.

Abubuwan da za a auna

Na farko kuɗi: me mai waya zai biya, me mai haɗa manhaja zai biya. Na biyu ɗorewa, wato ko manhajar za ta ci gaba da aiki bayan shekara ɗaya ko biyu, wa zai kawo mata sabuntawa, kuma wa ke da ikon janye ta. Na uku sauƙi. Na huɗu haɗari, ga kuɗin mutum da sirrinsa.

Akwai wani abu guda da ke ƙarƙashin waɗannan huɗun, wanda idan aka gane shi sauran sai su zo da sauƙi. Kowace manhajar Android tana ɗauke da sa hannun mai ita, wanda ake yi da wani mabuɗin sirri. Kamar hatimi ne a bakin ambulan. Waya ba za ta yarda sabon zubi ya hau kan tsohon ba sai idan hatimin biyun ya zo ɗaya. Don haka ranar da ka fara girka manhaja daga wani wuri, ka ɗaura amana da mai riƙe da wannan mabuɗin, kuma shi kaɗai ne zai iya aiko maka da gyara nan gaba. Tambayar da ta fi "daga kanti take ko daga waje?" amfani ita ce: hatimin wa ke jikinta, kuma ta ina gyaran gobe zai zo?

Kantin kamfani: Google Play da App Store

An buɗe App Store a Yulin 2008, kasuwar Android kuma a Oktoban shekarar, wadda ta koma Google Play a 2012. Ga mai waya, shiga kyauta ne, kuma babu hanyar da ta kai ta sauƙi. Sabuntawa na zuwa da kanta, ana iya neman a maido da kuɗi, idan an canza waya manhajoji su biyo mutum.

Ga mai haɗa manhaja lissafin daban ne. Google yana karɓar dala 25 sau ɗaya a wajen rajista, Apple kuma dala 99 duk shekara. La'adar da aka saba da ita shekara da shekaru a kan cinikin cikin manhaja kashi 30 ce cikin ɗari, kodayake tun 2021 kamfanonin biyu sun sauko zuwa kashi 15 ga ƙananan masu ciniki, suna ɗaukar dala miliyan ɗaya a shekara a matsayin iyaka. Ba kuɗi kaɗai ba ne wahalar. Wanda ya buɗe sabon asusu na ƙashin kansa a Play tun daga Nuwamban 2023 sai ya tara masu gwaji su yi kwana 14 suna amfani da manhajar kafin a bar shi ya fitar da ita. Da farko mutum 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12. Sannan duk shekara sai an daidaita manhaja da sabon zubin Android, in ba haka ba a daina nuna ta ga masu sababbin wayoyi. Ga kamfani mai ma'aikata wannan ba komai ba ne. Ga ɗalibi ko mai yi don sha'awa, a nan da yawa ke ajiye aikin.

Ta fuskar haɗari, kanti ya fi kowace hanya tacewa, amma rariyar na da ramuka. A 2015 wata gurɓatacciyar manhajar gina manhajoji da aka laƙaba wa XcodeGhost ta sa manhajoji masu yawa sun shiga App Store da cuta a jikinsu, masu su ma ba su sani ba. A Play kuwa an sha kama ɓarawon bayanan banki da ake kira Anatsa yana shigowa a rigar manhajar karanta takardu ko ta share waya.

Inda kanti ya fi rauni shi ne ɗorewa, kuma wannan ne ba a cika faɗa ba. Abin da ke kanti yau ana iya sauke shi gobe ba tare da an tambayi mai waya ba. A 2017 Apple ya cire manhajojin VPN, waɗanda ake kewaye toshewar intanet da su, daga kantinsa na China bisa umarnin hukuma. A Satumban 2021 Apple da Google duk sun cire manhajar zaɓe ta magoya bayan ɗan adawa Alexei Navalny a Rasha, a daidai lokacin da aka fara kaɗa ƙuri'a. A Janairun 2025 TikTok ta ɓace daga kantunan biyu a Amurka, ba ta dawo ba sai tsakiyar Fabrairu. A wannan tsakanin masu Android sun iya sauke ta daga shafin kamfanin, masu iPhone kuwa sai haƙuri. Ko mutum yana ƙaunar waɗannan manhajoji ko ba ya yi, abin lura ɗaya ne: ƙofa guda tana da sauƙin rufewa.

Wasu kantunan a kan Android

Waɗannan iri-iri ne. Akwai na masu ƙera waya, kamar Galaxy Store na Samsung da AppGallery na Huawei, waɗanda ke zuwa a cikin wayar. Tsarinsu kusan na Play ne, sai dai kayansu ba su kai yawa ba. Akwai kantin Epic Games, wanda ya zo Android a Agustan 2024, don masu wasanni. Amazon ma yana da nasa, kuma labarinsa gargaɗi ne a kan ɗorewa: a Agustan 2025 ya rufe shi ga wayoyin Android, ya bar shi a kan na'urorinsa na Fire kaɗai.

Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne F-Droid, da aka kafa a 2010. Ba ya karɓar manhaja sai wadda rubutun tushenta yake a buɗe kowa zai iya dubawa. Masu kula da shi su ne ke ɗauko rubutun su gina manhajar da kansu, don haka abin da ka sauke ya fito ne daga abin da aka nuna wa duniya. Ba a buɗe asusu, ba a biyan ko sisi, mai haɗa manhaja ma ba ya biya. Idan manhaja na ɗauke da talla ko tana bibiyar mai amfani, sai a rubuta a shafinta ƙarara. A nan ake samun abubuwan da dokokin Play ba su bari, irin su masu toshe talla a faɗin waya gaba ɗaya, ko NewPipe na kallon bidiyon YouTube.

Aibunsa biyu ne. Sabuntawa kan yi jinkiri, domin sai an jira layin gini, wani lokaci kwanaki. Ga manhajar lissafi wannan ba damuwa ba ne, amma ga burauza da aka gano wa ɓaraka, kwana uku ma da yawa. Na biyu, yawancin manhajojinsa hatimin F-Droid ne a jikinsu, ba na mai su ba, saboda haka ba za ka iya ɗora zubin Play a kan na F-Droid ba sai ka goge ɗaya, bayananka su tafi idan ba ka adana ba. Kuma kada a je can neman manhajar banki ko WhatsApp, babu su. Ta fuskar sauƙi an samu ci gaba tun Android 12 na 2021, wanda ya ba kantunan waje damar sabunta manhajojinsu ba sai an danna amincewa kowane lokaci ba.

Fayil ɗin APK daga hannun mai manhaja

Signal, Telegram da WhatsApp duk suna ajiye fayil ɗin girkawa na Android, wanda ake kira APK, a shafukansu na hukuma. Ƙananan masu haɗa manhaja da yawa kuma suna sa nasu a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhajoji. A nan babu ɗan tsakiya: hatimin mai abu ne, kuɗin ciniki nasa ne gaba ɗaya in ban da abin da mai sarrafa biyan kuɗi zai cire, kuma babu kantin da zai janye manhajar. Epic ya bi wannan hanya da wasansa Fortnite a 2018 don guje wa la'ada, kafin ya shiga Play a 2020, a kore shi a Agustan shekarar bayan ya sa tasa hanyar biyan kuɗi.

Amincin wannan hanya ya rataya a kan abu biyu. Ɗaya, ka tabbata shafin na gaskiya ne. 'Yan damfara kan sayi talla a shafin bincike da adireshi mai kama da na ainihi, harafi ɗaya ne bambanci. Biyu, sabuntawa. Wasu manhajojin, irin Signal, suna duba sabon zubi da kansu. Da yawa ba sa yi, sai mutum ya yi shekara da tsohon zubi bai sani ba. Akwai wata 'yar manhaja mai suna Obtainium da ke sa ido a shafukan masu manhaja ta sanar da kai idan sabo ya fito. Ga mai bin wannan hanya da gaske, kusan dole ce.

Tun Android 8 na 2017, izinin girkawa daga waje ba na waya gaba ɗaya ba ne, kowace manhaja ake ba nata. Ka ba burauza izini, ka girka abin da kake so, ka koma ka kashe. Sababbin wayoyin Samsung suna zuwa da wani makulli mai suna Auto Blocker wanda sai an kashe shi tukuna.

Fayil na turawa da "gyararrun" manhajoji

Wannan ce hanyar da ta ɓata sunan sauran. Fayil ya zo ta saƙo, ko daga shafin da ke alkawarin manhajar kuɗi a kyauta, ko WhatsApp mai ƙarin kwalliya da ke nuna saƙon da aka goge. Duk manhajar da aka buɗe aka sauya mata wani abu, dole an cire hatimin mai ita an buga na wani, kuma ba ka san ko wane ne ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa: wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa manhaja ya raba kyauta yana da inda yake fanshewa. A 2021 kamfanin tsaro na Kaspersky ya gano cutar Triada a cikin wani zubi na FMWhatsApp. A shekarar kuma FluBot ta bazu a Turai ta saƙon tes na ƙarya cewa kayanka sun iso, ka girka manhaja ka bibiya. Da an girka sai ta nemi izinin taimaka wa masu buƙata ta musamman, wanda ke ba ta damar ganin allo da danna maɓallai, daga nan ta wuce manhajar banki. Sai a 2022 'yan sandan ƙasashe da dama suka karya ta. WhatsApp kuma yana rufe asusun masu amfani da jabun zubinsa.

Ko fayil ɗin da aboki ya turo da zuciya ɗaya yana da matsala. Tun Agustan 2021 sababbin manhajojin Play ana yanka su gunduwa-gunduwa daidai da kowace waya, don haka abin da aka ciro daga wata wayar sau da yawa ba ya hawa wata. Shafuka irin APKMirror, da ke duba hatimi kafin su ajiye fayil kuma ba sa karɓar fasassun manhajoji, sun fi sauran dama-dama, amma su ma ba sa sabunta maka komai da kansu.

Mai iPhone fa?

Zaɓinsa ya danganta da inda yake zaune. A ƙasashe 27 na Tarayyar Turai, dokar kasuwannin dijital ta tilasta wa Apple buɗe ƙofa daga Maris ɗin 2024, da iOS 17.4. Kantuna irin AltStore PAL da na Epic suka shigo. Amma duk manhaja sai ta bi ta tantancewar Apple ko da ba a kantinsa za a raba ta ba, kuma a tsarin da ya fara da shi ya sa harajin rabin Yuro a kan kowace girkawa ta farko a shekara bayan an haura miliyan ɗaya. Wanda ya bar yankin fiye da kwana 30, manhajojin nan sai su daina sabuntuwa. Japan ta bi sahu da tata dokar a Disamban 2025. A Amurka abin da kotu ta buɗe a Afrilun 2025, a shari'ar Epic, shi ne damar tura mai saye ya biya a waje, ba damar girkawa daga waje ba.

A yawancin sauran duniya sai dabaru. Da asusun Apple na kyauta da kwamfuta ana iya ɗora manhaja, amma uku kacal a lokaci guda, kuma bayan kwana 7 ta daina buɗewa sai an sake sa mata hannu. Mai biyan dala 99 yana samun shekara. TestFlight, tsarin Apple na gwajin manhaja, na ɗaukar masu gwaji har 10,000, sai dai kowane zubi kwana 90 yake yi. "Satifiket" ɗin sa wa manhaja hannu da ake sayarwa a intanet kuwa yawanci na kamfanoni ne da aka karkatar, kuma ranar da Apple ya soke shi komai zai tsaya cak.

Manhajar burauza

Shafin intanet ne da ake maƙalawa a fuskar waya ya riƙa buɗewa kamar manhaja. Babu rajista, babu la'ada, babu mai tantancewa, kuma yana aiki a Android da iPhone. Tun iOS 16.4 na 2023 yana iya aiko da sanarwa a iPhone. Haɗarinsa kaɗan ne domin burauza ta killace shi, kuma wannan killacewar ce iyakarsa: ba ya kaiwa ga sassan waya da yawa, manyan wasanni ba sa yi a kansa.

| Hanya | Kuɗi ga mai haɗawa | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Play / App Store | Dala 25 sau ɗaya / dala 99 a shekara, da la'ada | Sabuntawa da kanta, amma ana iya janyewa | Mafi sauƙi | Kaɗan |
| F-Droid | Babu | Mai kyau, da jinkiri | Matsakaici | Kaɗan |
| APK daga mai ita | Kuɗin ajiye shafi | Ya danganta da mai ita | Sai da lura | Kaɗan idan shafin na gaskiya ne |
| Turawa da fasassu | Mai ita ba ya samun komai | Babu | Da sauƙi | Mafi muni |
| Bayan kanti a iPhone | Rajistar Apple, da haraji a Turai | Rauni a wajen Turai da Japan | Da wahala | Matsakaici |
| Manhajar burauza | Kuɗin ajiye shafi | Muddin shafin na raye | Da sauƙi | Kaɗan |

Abin da ke shirin sauya lissafin

A Agustan 2025 Google ya sanar cewa duk manhajar da za a girka a wayar Android mai lasisinsa, ko daga ina ta fito, sai mai ita ya yi rajista ya tabbatar da ko shi wane ne. Ya ce za a fara da Brazil, Indonesiya, Singapore da Thailand a Satumban 2026, sauran duniya daga 2027. Hujjarsa ita ce cutar da ke shigowa ta fayilolin intanet ta ninka ta Play fiye da sau 50 a bincikensa, kuma ɗan damfara da aka kama yau yana dawowa gobe da sabon suna. F-Droid ya mayar da martani cewa tsarin zai iya kashe shi, domin ba zai iya tilasta wa masu sa kai su miƙa takardun shaidarsu ga Google ba. Bayan an yi ca, a Nuwamba Google ya ce zai bar wata hanya ga ƙwararrun masu amfani da suka yarda su ɗauki haɗarin, da wani asusu na daban ga ɗalibai da masu sha'awa.

A ganina matsalar da Google ya ambata gaskiya ce, amma maganin ya ba shi wani iko da ba shi da shi a da: wanda ke riƙe da rajista yana iya soke suna, kuma gwamnatin da ta iya sa a cire manhaja daga kanti za ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Abin mamaki, wannan na zuwa ne a daidai lokacin da kotun Amurka, bayan hukuncin Disamban 2023 a shari'ar Epic, ta umarce shi ya sassauta wa kantunan hamayya. Wayoyin da ke kan tsarin da ba na lasisin Google ba, irin LineageOS da GrapheneOS, dokar ba ta shafe su ba, sai dai wasu manhajojin banki kan ƙi aiki a kansu.

Wace ce taka?

Idan wayar ta iyaye ce, ko ta yaro, ko ta wanda ba ya son dogon bincike, a bar ta a kantin kamfani, a kashe izinin girkawa daga waje. Manhajar banki da duk abin da ya shafi kuɗi, ko a wayar ƙwararre, daga kanti kaɗai.

Mai kishin sirrinsa da ke gudun talla da bibiya, F-Droid ya ishe shi a kan ƙananan kayan aiki, ya bar burauza da manhajar saƙo inda gyara ya fi saurin zuwa. Wanda ke zaune inda hukuma ke yawan toshe manhajoji, ko yake aikin jarida ko fafutuka, ya riƙe Android, ya koyi sauke fayil daga shafin mai shi tun kafin ranar buƙata ta zo. Mai shirin sayen waya wanda wannan batu ya dame shi ya sani cewa a yawancin ƙasashen da ke wajen Turai da Japan, sayen iPhone amincewa ce da ƙofa guda.

Mai haɗa manhaja da ke neman jama'a da ciniki ba shi da makawa sai kanti, amma ya ajiye fayil a shafinsa ma, kuma ya lura da wanda ke riƙe da mabuɗin sa hannunsa, domin a tsarin Play na yanzu Google ne ke sa hannu a madadin sababbin manhajoji, kodayake mai ita na iya samar da mabuɗin da kansa ya ajiye kwafi. Mai buɗaɗɗen tushe ya haɗa F-Droid da GitHub. Wanda aikinsa fom ne, ko jadawali, ko karatu, ya fara da manhajar burauza, ya ga ko akwai masu so kafin ya biya rajistar kowa.